Lambar Yabon Da Ta Ci Mangwaronmu

Tun da rikici ya raba Kafanchan gida biyu, wuri ɗaya ya rage da kowa ke zuwa ba tare da waige-waige ba: gindin wani tsohon mangwaro kusa da layin dogo. Nan Mama take suyar ƙosai, nan kuma wata Bafulatana da muke kira Inna take sauke ƙwaryar nononta. Mama ba ta shiga unguwarsu, ita ma ba ta shigowa tamu. In Mama ta tafi zumuntar mata a coci, Inna ke juya mata ƙosai. In Inna ta ta da sallah, Mama ke korar mata ƙuda.

Sai ga wasu samari 'yan boko da zane a hannu, wai za su ƙawata wurin. Mangwaron suka fara sarewa, saboda ganyensa zai ɓata daɓe. Suka jera bencin siminti a tsakar rana, suka kewaye da ƙarfe, suka ce ban da talla.

Mama ta dafa benci ɗaya, ta janye hannu da sauri. Ta ce, "Wannan, ko akuya ba za ta zauna a kai ba."

Wurin ya ci lambar yabo ta kyawun gari. A Abuja aka ba da ita, mu dai hoton wurin muka gani. Gaskiya ya yi kyau, har haushi ya ba ni. Babu mutum ko ɗaya a ciki. Daga nan aka garƙama kwaɗo don kada mu lalata abin yabo. Mama ta koma suya a ƙofar gida, Inna ta koma kasuwar ɓangarensu.

Da Mama ta rasu, sai bayan damina labari ya kai wa Inna. Ta aiko ɗan acaɓa ya ce mu haɗu a gindin mangwaro. Haka ta faɗa, kamar yana nan.

Na same ta tsaye a jikin ƙarfen, tana zufa. A wajenmu da wajensu, ba a gaisuwar mutuwa a tsaye. Ta dubi bencin ta cikin ƙarfe, ta dubi kwaɗon.

"Ɗana, ina zan zauna in yi maka gaisuwa?"

Tsohuwar nan ta tattare zaninta ta zauna a bakin kwata, ta fara kuka. Na zauna kusa da ita, babura na watsa mana ƙasa. Ban sake ganinta ba.