Kifin da ya ci kuɗin maganin gwaggota

A lokacin ina sabuwar malama a wata sakandare a Aliero, ko albashin farko ban karɓa ba. Daga Karaye na fito, kuma ina tsoron a gane ƙauyancina, don haka duk abin da aka faɗa da Turanci sai in gyaɗa kai, ko na gane ko ban gane ba. Wata abokiyar aikina Kirista 'yar kudu, mai kirki ƙwarai, ta ce malamai mata za su Jega ranar Asabar cin gasasshen kifi, in zo mu tafi. Ta ƙara da wata magana ta Turanci mai sunan mutanen Holan a ciki. Na zaci sunan gidan abincin ne. A wurinmu ai wanda ya gayyace ka shi ke ɗaukar nauyinka.

Ana gobe tafiyar gwaggota ta sauka wurina, ita ce ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyata. Yanar ido ta fara rufe mata gani, ta sayar da akuyarta ta zo don ta ga likita. Na matsa mata ta bi mu, ina so ta ga yadda ake ji da ɗiyarta. Muka ci muka sha, tana ta sa musu albarka. Da aka gama sai na ga kowace ta buɗe jakarta ta biya nata. Ashe ma'anar maganar ke nan, kowa ya biya wa kansa. Mai abincin ya tsaya a kanmu. Kuɗin mota kaɗai gare ni. Na kasa roƙo, na kasa tashi. Gwaggo ba ta gani sosai, amma ta ji shirun da na yi. Ta kwance bakin zanenta a hankali, ta turo mini kuɗin akuyar ta ƙarƙashin tebur, ta raɗa mini in miƙa da hannuna kada baƙi su raina ni.

Ta koma gida ba ta ga likitan ba. Albashin ya yi ta jinkiri, kafin ya fito idon dama ya tafi. Da abokiyar aikin nan ta ji labarin, kuka ta yi, ta ce da na ko taɓa ta da ƙafa da ta biya.

Ina roƙon masu gayyata su riƙa faɗin magana a fili, da harshen da kowa zai ji. Ku kuma 'yan'uwana, in ba ku gane ba ku tambaya, kunyar tambaya ba ta kai wannan ba. Yanzu in na je Karaye sai gwaggo ta juyo da gefen hagu kafin ta gane ni, kuma har yau ba ta taɓa tayar da zancen ba.