Hassan ya mutu, Husaini ya karɓa

Jama'a, yau na sa Inna Rabi kukan mutuwa a biro, wato ofis, alhali ba wanda ya mutu!

Kun san suwic ɗinmu, akwatin da ke raba wa ordinatoci, wato kwamfutocinmu, reson intanet. Kati biyu ke tafiyar da shi, na raɗa musu Hassan da Husaini. Hassan ke aiki, Husaini na zaune yana kwafe duk abin da Hassan ya sani.

Ƙarfe goma, sef, shugabanmu, na tsakiyar taron bidiyo, sai wutar Hassan ta yi ja. Kafin in miƙe, Husaini ya karɓi aikin. Hoton sef ko tsayawa bai yi ba.

Na kira babban teknisiyanmu a Maraɗi: "Hassan ya mutu yanzu-yanzu!"

Sai na ji tsintsiya ta faɗi bayana. Inna Rabi ce mai shara, hannu bisa kai, tana salati. "Wayyo! Hassan na wa?"

Na jawo ta gaban akwatin na nuna mata katin. Ta share hawaye, ta ɗaka mini duka a kafaɗa. "Ja'iri!"

Ta daɗe tana kallon koriyar wutar Husaini. "Wannan ne ɗan'uwan? In shi ma ya faɗi, wa zai karɓa?"

Na ce babu, Inna.

"Shi ne kake tsaye kana dariya? Maza a samo mishi wani, ba a barin ɗan tagwaye shi kaɗai!"