Atika da Muryar Malam Bawa Majemi

Atika 'yar Ƙofar Rini ce. Nan aka haife ta, nan ta yi aure, kuma mijinta Gazali hatsi yake sayarwa a kasuwa. Wanda ya shiga ɗakinta, abin da zai fara gani shi ne kwamfutar cinya a kan ɗan tebur, an ɗaga ta da guntayen katako, fanka tana hura mata iska, ita kuwa mai ɗakin tana gefe tana sharce zufa. Idan aka yi mata magana sai ta ce ita in ta ji zafi ruwa za ta sha, kwamfuta kuwa mutuwa take yi ana tsakiyar aiki.

Bikin ƙanwarta Wasila ne ya jefa ta cikin sana'ar. Mata sun ɗauki bidiyon wuni da wayoyinsu, amma mahaifiyarsu ta ce babu namijin da zai zauna a shago yana kallon 'ya'yanta babu mayafi da sunan haɗa bidiyo. Atika ta ari tsohuwar kwamfutar yayanta, ta yi ta lalube a manhajar tace bidiyo har ta haɗa shi. Ta so ta burge, ta sa sunan amarya da na unguwa su shigo suna juyawa kamar na talabijin. Da aka kunna, sai ga wani ɗan akwati a gurbin harafin farko na Ƙofar Rini. Ƙawayen amarya suka yi ta dariya, suna kiran unguwar "Ofar Rini".

Abin ya ci mata rai. Ta zauna ta bi salon rubutun da ke cikin manhajar ɗaya bayan ɗaya, har ta gane yawancinsu ba su san haruffanmu masu ƙugiya ba. Ta ware waɗanda suka san su, ta riƙe. Daga nan ta ɗauki wata ɗabi'a: in manhaja ta yi gardama ba ta zaginta, ba ta kuma ɗora wa aljanu. Sai ta tambayi kanta, me ya canza tsakanin jiya da yau?

Kafin a ankara matan unguwa sun fara kawo mata aikin suna da na walima. Daga baya har masu shagunan haɗa bidiyo na Unguwar Rogo suka riƙa kiran wayarta in aiki ya tsaya musu cak. Ta kan saurara, ta ce a share tarkacen da manhajar ta tara, ko a mayar da fayil inda aka ɗauke shi, sai ka ji an ce, "Wallahi ta tashi, Hajiya!"

Aikin da ta fi alfahari da shi kuwa ba na biki ba ne. Wata rana da hantsi wata dattijuwa mai suna Kaltume ta zo daga Ƙofar Dundaye, ta kwance bakin zane ta fito da ɗan katin memori na waya. Mijinta Malam Bawa majemi ne, ya tsufa cikin jimar fatar jar akuya. Kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, 'yarsu ta riƙa ɗaukarsa a waya yana aiki yana bayani. Yanzu yana kwance, yana ji yana gani, amma magana ta ɗauke.

"Ɗiyata," in ji Kaltume, "mun kai wani wuri an haɗa muna, amma abin da munka gani bai yi ba. Baki na tahiya daban, magana daban. Malam na ganin haka ya juya huska ga bango."

"Inna, ki bar min shi," in ji Atika. "Ba ni yi miki alkawari, amma in Allah ya so za ni gano mi ad damuwatai."

Da ta jera bidiyoyin ta ga abin da tsohuwar take nufi. A farko baki da murya suna tare. Can gaba sai muryar ta tsere, Malam Bawa yana daka bagaruwa amma ƙarar taɓarya ta riga hannunsa sauka. Ta ja sautin baya, tsakiya ta daidaita, farko ya lalace. Ta yanka gunduwa-gunduwa tana daidaitawa, wuni guda ya tafi a banza.

Da Gazali ya dawo kasuwa ya same ta ta yi tagumi. Ya ce, "Ko ki mayar musu da abinsu? Kin yi iya yinki."

"Baban Rukayya, mutum na da ba shi iya magana yanzu. Wagga murya ita ɗai ta rage mishi."

Washegari bayan sallar asuba, tun gari da sauran sanyi, ta sake zama. Wannan karon ba ta taɓa sautin ba, bayanan fayilolin ta buɗe tana karantawa. Nan ta kama zaren. Wayar da aka yi ɗaukar da ita ba ta tsaya kan gudu ɗaya ba: a cikin haske tana ɗaukar hotuna da yawa a daƙiƙa, a inuwar rumfa sai ta rage. Manhajar kuwa ta ɗauka gudun ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Atika ta bi fayilolin ta juya kowanne zuwa gudu tsayayye, ta sake jera su. Taɓarya ta sauka, ƙara ta sauka tare da ita. Ta tafa hannu ita kaɗai a ɗaki.

Murnar ba ta daɗe ba. Duk lokacin da ta zo fitar da bidiyon, manhajar sai ta rufe kanta a wuri ɗaya. Ta zargi zafi, ta matso da fanka, bai hana ba. Sai ta raba aikin biyu ta fitar da kowane rabi, wanda ya ƙi ta sake raba shi, tana matsowa har ta ritsa laifin a wani ɗan guntu da ya lalace tun a katin, daidai inda Malam Bawa yake bayanin yadda ake fitar da jan launi daga karan dafi. Yanke shi ya fi sauƙi, amma ta ƙi. Ta ceto muryar, ta ɗora ta kan wani hoton hannayensa cikin kwatarniyar rini, ta sa hoton yana matsowa a hankali. Babu wanda zai ce an yi faci.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka kunna bidiyon a gidan Malam Bawa. An jingina tsohon da matashi, 'ya'ya da jikoki da tsofaffin abokan jima sun cika tsakar gida. Atika ta zauna cikin mata. Muryar tsohon ta fito tar, bakinsa yana tafiya tare da ita. Bai juya fuska ba. Da aka zo wurin karan dafi, wani abokinsa ya ce ai ba haka ake yi ba, sai an ƙara toka. Malam Bawa ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna talabijin da ƙarfi, sai ga muryarsa tana cewa, "Sannan ka ƙara toka kaɗan." Gida ya kaure da dariya, har shi kansa kafaɗarsa tana rawa.

Kaltume ta riƙe hannun Atika ta ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

A hanyar komawa gida Gazali ya tsaya da babur wajen mai balangu, abin da bai saba ba. Mai naman ya tambaye shi ko baƙi aka yi. Ya ce a'a, maiɗakinsa ce ta gama wani aiki, a zaɓo mai taushi.