Kawu da Kan Jaki

Kawuna mai gyaran keken ɗinki ne, kuma tun kafin in yi wayo shi ne ƙafafun bayan jaki a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarmu. Jakin na tsumma ne, ruwan toka, mutum biyu ke shiga cikinsa. Na gaba yana tsaye sanye da kan, yana leƙen duniya ta wata raga da aka ɗinka a cikin bakin. Na baya kuwa duƙawa yake ya riƙe ƙugun na gaba, ya bi shi duk inda ya nufa. Kawu kan ce aikin bai taɓa gajiyar da shi ba, tunda a shago ma a duƙe yake wuni.

Bana ƙungiyar ta ɗauko wasan barkwanci mai waƙe-waƙe, labarin zamanin da motar farko ta shigo wani gari, jakin attajiri ya ji an ci amanarsa. Har waƙa aka rubuta wa jakin. Ana cikin haka sai ciwon gwiwa ya zaunar da Dogo, wanda ya daɗe yana riƙe da kan.

"'Yar nan," in ji Kawu, yana ɗiga mai a wani keke, "duk shekarun nan ni ake ja. Kafin ta Allah ta kasance ina so in shige gaba, in yi waƙa, ni ma a tafa min."

Ranar zaɓen 'yan wasa ni Darakta, mai shirya wasan, ya ɗora wa kiran masu jiran layi, wai tunda na gama jami'a kuma ba na gardama. Zauren ya cika da kujerun roba da mutane masu gyaran murya. Masu son zama attajiri sun zo da cikinsu, wasu na gaske, wasu na matashin kai. Wata mata ta ja waƙa har ta manta inda za ta sauka, sai da aka kawo mata ruwa.

Da aka zo kan jaki, Darakta ya ce duk mai so sai ya sa kan ya rera a cikinsa. Wani ɗalibi ya sa, ya cire nan take, ya ce warin man zafin Dogo ya kama masa maƙogwaro. Mai askin bakin titi ya iya kaɗa kunnuwa sosai, amma muryarsa kamar ƙofar da ta sha damina.

Sai na kira Kawu. Ya tsaya yana kallon yatsun ƙafarsa, ya ce bari ya ɗan gwada tukuna kafin a sa masa kan. Murya ta fito mai kauri, mai sanyi, wadda ko mu 'yan gida ba mu san yana ajiye da ita ba. Darakta ya cire tabarau ya goge.

Aka ɗora wa Kawu kan, mai aski ya shiga baya don gwaji. Jaki ya taka zuwa tsakiyar dandamali ya tsaya cak. Mai ganga ya buga, ya sake bugawa. Shiru. Ashe Kawu bai taɓa ganin 'yan kallo ba. Katakon dandamali kawai ya sani, da ƙusoshinsa, da dugadugan Dogo. Yanzu ga idanu jere a kujeru, duk a kansa.

A hankali jakin ya fara sunkuyawa har hancinsa ya taɓa ƙasa. Yana ganin katako sai waƙa ta dawo. Ya ɗago, ta ɗauke. Ya sunkuya, ta dawo.

"Baba, ka miƙe," in ji mai aski daga ciki, "a wuyana kake zaune."

Darakta ya ɗaga hannu. "Malam, jaki mai kiwo ba ya waƙa. Ka koma bayanka, yaron nan mai aski ya riƙe kai yana motsa baki, kai kana rerawa."

Kawu ya cire kan, gumi na zuba. "Ranka ya daɗe, na gama bin mutum."

"Muryarka nake so. Kan ne ba naka ba."

"To muryar ma ta gama bin mutum."

Ya rungume kan jakin ya zauna a bakin dandamali. Ni kuwa na shiga gyara kujerun da suke a gyare. Dogo ne, da ya zo kallo da sandarsa, ya yi magana daga can baya.

"Wai jakin nan ba fushi yake da mota ba? Yaushe jaki mai fushi ya taɓa nuna wa mutum fuska? Ya shigo da baya mana."

Darakta ya ce a gwada.

Aka sake shiri, mai aski a kai, Kawu a mazauninsa na da. Ganga ta tashi. Wutsiya ce ta fara leƙowa daga labule, sai Kawu ya fito da baya da baya yana jan mai aski ta ƙugu, yana kauce wa kowace ƙusa ba tare da ya waiga ba, waƙa na tashi daga gindin jaki. Kan ne ya shigo ƙarshe, yana tuntuɓe. Masu neman attajiri suka yi ta tafi har matashin ɗayansu ya zame ƙasa.

Darakta ya ce an gama, jaki ya samu.

Kawu ya fito daga cikin tsumma, ya miƙe gwargwadon yadda bayansa ya yarda, ya dafa kafaɗar mai aski.

"Yaro, gobe ka zo da wuri. In na ja, ka biyo. Kada ka tsaya tunani, wannan ba aikin kai ba ne."