Na Ware wa Ƙanwata Kwano Saboda Gyambon Baki

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Wurno, ina da 'ya'ya uku, kuma ni ce babba a ɗakinmu tun bayan rasuwar innarmu. Mace ce ni mai tsoron bakin mutane ƙwarai. Na rubuto muku ne don har yau na kasa buɗe baki in faɗa wa kowa abin da na aikata.

Ƙanwata aure ya kai ta Goronyo. Mijinta manomin albasa ne, ya yi doguwar jinya ya rasu, ba a san abin da ya kashe shi ba. Da ta fita takaba na je na ɗauko ta, don danginmu na wani ƙauyen Rabah sun watse saboda 'yan bindiga. Ta zo mini a rame, gaɓoɓinta na ciwo, gashinta na zuba. In ta jima a rana sai kumatunta su yi ja har bisa karan hanci. Amma bakinta ne ya fi tayar mini da hankali. Wasu gyambuna sunka fito mata a ganɗa da cikin kunci, da farko ba zafi, daga baya ko koko ta kurɓa sai hawaye. Miyau ya ƙafe mata, dasashi na jini, harshe ya yi fari fat.

Matan unguwa sunka fara raɗa cewa ƙanjamau ne ya kashe mijin, ita ma ta ɗauka. Na kai ta anka gwada, anka ce ba shi ba ne, amma zuciyata ta ƙi yarda. Na ware mata kwano da moɗa, na ɗaura musu jan zare. Na hana ta ɗaukar autata, wadda ba ta yarda da kowa sai ita. Ƙanwata ba ta taɓa yi mini musu ba. Takan ɗauki kwanonta ta koma bayan rumbu, ta juya mana baya, tana tura tuwo kaɗan-kaɗan. Kullum ina jiƙa mata gishiri da kanwa in ce ta kurkure, tana yi tana runtse ido don zafi, ni kuwa ina ganin magani ne ke ci.

Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Zuru da ke haya kusa da mu ta taɓa duba bakin, ta dubi kumatun. Ta ja ni gefe ta ce wannan ba gyambon baki ba ne kawai, ciwon daga cikin jiki yake, in kai ta Sakkwato a gwada jininta da fitsarinta ba tare da ɓata lokaci ba. Na ce mata sai an yi hutun makaranta. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji kada a tabbatar da abin da ake raɗawa, iyayen yaran da nake koyarwa su ji. Hutu ya zo ya wuce, wani ma ya zo. Sai da ƙafafunta sunka kumbura, fuskarta ta cika, fitsarinta na kumfa, sannan munka tafi.

Likita ya ce sunan ciwon lupus. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana yaƙar jikin, kuma ba a ɗaukarsa ta kwano ko miyau ko taɓawa. Ya ce gyambunan nan na cikin alamun da jiki ke nunawa, da an zo tun lokacin akwai magungunan da ke lafar da shi, amma yanzu ya riga ya ci ƙodarta. Da ya fita ƙanwata ta juyo gare ni.

"Yaya, mi yac ce? Ba a ɗauka?"

Na ce mata ba a ɗauka. Ta ce to in kawo abinci mu ci tare. Na zuba faten wake a kwano ɗaya, munka sa hannu. Ta kai loma baki, ta kasa haɗiyewa, amma ba ta cire hannunta ba har na gama. Kwana tara bayan nan Allah Ya karɓi abinSa. Ba ta sake ganin autata ba.

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da ƙaddara ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ta yi kusan shekara a gidana tana jinya ita kaɗai, muna tsakar gida ɗaya. Ban nemi gafararta ba, ina jiran ta samu sauƙi tukuna. Wani lokaci ina tsakiyar darasi sai in ji muryarta tana kirana, in tsaya da alli a hannu har yara su fara kallona.

'Yan'uwa, in kun ga gyambon baki da ya ƙi warkewa ko yake ta dawowa, musamman ga mace mai ciwon gaɓoɓi da zubar gashi, ku kai ta asibiti, ku bar ƙona mata baki da kanwa. Kada kuma ku yanke wa marar lafiya hukunci da maganar unguwa. Waɗanda sunka yi raɗar nan duk sun zo mini gaisuwa, sun koma gidajensu, ni aka bari da abin.