Batirin keken yayana

Bayan ɓarin jikin yayana ya shanye, ɗansa da ke aiki a Yamai ya aiko da wani keke da ba ya zuwa ko'ina. An cire masa tayar baya, an kafa shi bisa wata na'ura mai nauyi. Na'urar ce ke sa feda ta yi tauri kamar ana hawan tudu. Amma sai da kuran, wato wutar lantarki, take aiki, mu kuwa ƙauyenmu na gefen Galma ko turken waya babu. Don haka ya haɗo da pano mai tara hasken rana da babban batir, da ƙaramin akwati mai fitila: kore in batir ya cika, ja in ya kusa ƙarewa.

Kullum da hantsi ni da matarsa mukan ɗora shi, mu ɗaure matacciyar ƙafar a feda da tsumma. Takan tsokane ni: "Ƙaramin miji, riƙe shi da kyau, kar ya tahi Tawa ya bar mu." Shi kuma ya yi dariya da rabin baki. Likitan Madawa ya ce mana ƙafar za ta dawo in ya dage, amma mu kiyaye shi da faɗuwa, don in ciwon ya sake bugunsa da wuya ya tashi.

Lokacin dashen albasa batirin famfona na garka ya mutu. Sai na riƙa ɗaukar na yayana bayan sallar asuba, in ba albasa ruwa, in maido shi kafin a farga. Fitilar takan koma ja. Na juya akwatin ya fuskanci bango.

Wata safiya yayana ya ji ƙarfi. Ya ce, "Ƙane, sake ni." Na sake shi. Ya miƙe tsaye bisa feda, ya danna da dukan nauyinsa. Nan take ƙugin na'urar ya ɗauke, taurin ya tafi, fedar ta zurma ƙasa. Ya kifa ta gefe, kansa ya bugi bango, ƙafar na nan ɗaure a sama.

Idonsa a buɗe, amma bai motsa ba. Na yi ta kiransa, ina ƙoƙarin kwance tsumman. Ina duban bakinsa ko ɗaya gefen ma ya karkace. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Sai can ya ja numfashi, ya yi salati.

Muka kwantar da shi bisa tabarma, matarsa na kuka. "Wanga abu kashe shi za ya yi," in ji ta. "Yau zan kira yaron ya zo ya ɗauke kayansa."

Na san in keken ya tafi, ƙafar ta tafi ke nan. Na tashi na juyo akwatin, suka ga jar fitila. Na faɗa musu inda batirin yake zuwa kowace asuba.

Matarsa ko kallona ba ta yi ba. Yayana yana duban rufin ɗaki, ya ce, "Albasar ta kama?"



Keken bai tafi ba. Da ƙullutun kansa ya saɓe ya sake hawa, sai dai har yau bai ƙara miƙewa bisa feda ba, kuma ba ya yarda a ɗaure ƙafar sai ya ga kore da idonsa. Matarsa ce ke riƙe shi yanzu. Ni nakan tsaya daga bakin ƙofa ina sauraron ƙugin na'urar, ina leƙawa ciki duk sanda ya ɗan sauya. In ya sauka lafiya, sai in ɗauki guga in nufi garka.