Layin da Taga Ta Rufe

Shekarun da furoje, wato shirin raya karkara, ta zo gyaran fako a ƙasar Keita, ni ke riƙe da kaye, littafin sunaye na garinmu, kusa da Tamaske. Duk wanda ya fito ɗaukar dutse ko haƙar ramin tare ruwa, ina rubuta shi da ajami: sunansa, sunan ubansa, unguwarsu. An yi alkawari idan fakon ya farfaɗo za a yanka wa kowa gona.

Cikin masu aikin har da gwaggona, ƙanwar babana. Mijinta ya rasu, danginsa sun karɓe gonarsa. Rani uku tana ɗaukar dutse, har gashin tsakiyar kanta ya zube. A rabon farko ba ta samu ba, aka ce sai na biyu.

Da na biyun ya matso aka kira ni biro, ofishin furoje, a Keita. Can na fara ganin kwamfuta, an lulluɓe ta da zane saboda ƙura. Kwana biyu ina karanta kaye, sakatare yana bugawa. Mutum ne mai raha, ɗan Madawa.

"Malam, rubutunka wanga kamar sawun kaji bisa rairayi," in ji shi.

"Naka kuma kamar shingen kara," na ce masa. Muka yi dariya.

Ran na uku ya ce yau za a tace. Ya kama wani ɗan abu da yake kira ɓera, ya ja gefen lis ɗinmu, jerin sunayen da ya buga, ya matse shi zuwa rabin gilashin kwamfutar. Ya buɗe wani lis, na waɗanda suka samu a rabon farko, ya matse shi a ɗaya rabin. Taga biyu ke nan, in ji shi, kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya fito a duka biyun ya riga ya samu, sai a share shi. Na yi tasbihi ga Allah da Ya sanar da ɗan Adam irin wannan. Ban san cewa da aka matse tagar, layin unguwa ya shige bayan gefenta ba. Suna da sunan uba kawai suka rage a fili.

A garinmu akwai wata mata a unguwar maƙera, sunanta ɗaya da gwaggo, sunan uba ma ɗaya. Ita ta samu bara.

Muna cikin tafiya ya tsaya, ya dangwala yatsa nan, ya dangwala can.

"Malam, duba da idonka. Wagga ba ita ce wagga ba? Mutanenku akwai son ci biyu."

Bai faɗi sunan ba. Ya ɗauka na iya karanta boko, don kwana uku ina zaune gefensa ina gyaɗa kai kamar mai bi. Akwai direba da mai gadi a ɗakin, duk suna kirana Malam. Na dubi gilashin. Na ga dai zanen nan ya yi kama da zanen can. Abin da ya kamata in ce shi ne, karanta mini. Kalma biyu. Sai na ce, "Ita ce."

Ya danna, layin ya ɓace.

Ranar rabo gwaggo ta zo da hauyarta da igiyar awo da ta tuƙa da kanta. Aka kira kowa, aka ƙare. Ta matso kusa da ni.

"Ɗana, ko ka manta da ni cikin takardar?"

"Kina ciki, gwaggo. Da hannuna na rubuta."

"To mi ya hwaru?"

Washegari na koma Keita a ƙasa. Sakatare ya buɗe lis ɗin bara, ya ja tagar ta cika gilashin, unguwar maƙera ta fito. Na nuna masa kayena, na karanta masa tamu unguwar. Ya dafe kai.

"Kai! Amma Malam, ai kai ka ce ita ce."

Na ce a mayar da ita. Ya ce mayarwa a na'ura ba ta da wuya, amma takarda ta tafi, sufurefe, shugaban gunduma, ya sa hannu ya buga tampo, wato hatimi, gonaki kuma an gama yankawa. Sai dai rabo na uku. Ba a yi na uku ba.

Na gaya wa gwaggo na'urar ce ta yi kuskure. Ta ce Allah Ya isa tsakaninta da na'urar, na ce amin. Ta ci gaba da yi wa mutane noma ana ba ta hatsi a ƙwarya. Na yanka mata gefe a gonata, ta ƙi, ta ce ita ba sadaka ta yi wa ɗaukar dutse ba. Shekara huɗu bayan haka ta rasu, ni na yi mata salla, ban gaya mata ba.